Jirgin Saje Copping: Hamada Ta Adana Shi Shekara 70, Gyara Ya Shafe Shaidarsa

A farkon shekarar 2012 wasu ma'aikatan binciken man fetur 'yan ƙasar Folan suna ratsa Hamadar Yamma ta Masar, a yankin da sai mutum ya yi tafiyar fiye da kilomita 300 kafin ya ga gari, suka ci karo da jirgin yaƙi kwance rub da ciki a kan tsakuwa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki hotuna, kuma ba a jima ba hotunan suka zaga duniya ta intanet.

Duk wanda ya zauna ya kalli hotunan nan da kyau zai gane abin da ya hana masana tarihin jiragen sama barci. Fikafikan suna nan a jikinsa. Farfelar ta cire, ta lanƙwashe, tana yashe a gefe. Iska da rairayi sun goge fentin amma ba su gama da shi ba, don ana iya karanta harufan HS da B a gefen jirgin. A ɗakin matuƙi agogunan suna jere a mazauninsu, harsasai kuma suna cikin fikafikai yadda aka loda su. A ƙasa, dab da jirgin, ga na'urar rediyo da batir an ciro su an ajiye, ga kuma ragowar laimar sauka. Hannun mutum ne ya ciro rediyon nan. Abin da masana suka karanta a wurin shi ne matuƙin ya fito da ransa, ya zauna a gindin jirgin yana ƙoƙarin tayar da rediyo ya kira 'yan'uwansa, ya yi wa kansa inuwa da laima, da ya ga shiru ba mai zuwa sai ya tashi ya kama tafiya a ƙafa.

Jirgin ƙirar kamfanin Curtiss ne na Amurka, samfurin P-40, wanda Turawan Ingila suke kira Kittyhawk. Mutum ɗaya yake ɗauka, injinsa Allison mai silinda 12, da bindigogi shida a fikafikai. An ƙera irinsa sama da 13,700 a Buffalo ta jihar New York tsakanin 1939 da 1944. Lambar wannan kuwa ET574, harufan HS kuma alamar Runduna ta 260 ce ta sojojin saman Birtaniya. Da aka koma kan takardun rundunar sai aka tarar da sunan wanda ya tashi da shi a karo na ƙarshe: Saje Dennis Copping, ɗan shekara 24, mutumin Southend a gundumar Essex.

Ranar 28 ga Yuni, 1942 ya ɓace, kuma wanda ya san halin da ake ciki a makon nan ba zai yi mamakin yadda mutum ya ɓata aka kasa nemansa ba. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma garin Tobruk da ke gaɓar tekun Libiya ya faɗa hannun Rommel, kwamandan sojojin Jamus, ranar 21 ga wata. Sojojin Birtaniya suna ja da baya a guje zuwa El Alamein da ke gaɓar tekun Masar, rundunonin sama suna kwashe kayansu daga wannan fili zuwa wancan kusan kullum. A cikin wannan ruɗani aka umarci Copping da wani matuƙi su kai jirage biyu da suka sami matsala wurin gyara a bayan fagen daga. Na Copping tayoyinsa ba sa naɗewa, haka ya tashi da su a waje. Abokin tafiyarsa ya ba da labari daga baya cewa tun da suka tashi ya lura sun kauce hanya, ya yi kira ta rediyo ba amsa, ya matso kusa yana yi masa alama da hannu, Copping bai juyo ba. Shi ya karkata ya isa inda aka aike su. Copping ya ci gaba da nausawa cikin hamada har inda jirgin ya iya kai shi. Bayan kwana uku, ranar 1 ga Yuli, aka fara gwabzawar farko ta El Alamein.

Wannan yaƙi, da iyayenmu suke kira yaƙin Hitila, bai yi nisa da mu kamar yadda ake zato ba. Daga Satumban 1940 ana kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su, su tashi ayari-ayari su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su ratsa Darfur zuwa Hartum, sannan su bi Nilu zuwa Masar. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya, ciki har da irin Kittyhawk. Shugaban rundunar saman hamada a lokacin da Copping ya ɓace, Arthur Coningham, shi ne ya jagoranci jirage ukun da suka taso daga Masar suka sauka Kano a Nuwamban 1925, jiragen da Kanawa suka fara gani sun sauka a garinsu.

Me ya sa jirgin ya kai shekara 70 bai lalace ba? Kowane makanike a Arewa ya san amsar. Motar da ta yi zaman Legas ko Fatakwal, ka leƙa ƙarƙashinta za ka ga tsatsa ta cinye ta, amma wadda ta tsufa a Agadas ko Katsina fenti ne kawai yake ƙonewa, ƙarfen yana nan. Tsatsa sai da danshi, gishiri kuma yana ƙara mata gudu. A tsakiyar hamada babu danshi. Babu kuma mutane, kuma wannan ya fi komai muhimmanci, domin abin da shekara 70 ba ta yi wa jirgin ba, 'yan makonni bayan an san inda yake sun yi masa. Sojojin Masar sun kwashe bindigogi da harsasai, wannan kam dole ne. Amma wasu da suka riƙa zuwa wurin sun farfasa gilasai, sun ciccire agoguna, har an yi ta harbin jikinsa. Kowace rana wani abu yana raguwa.

Aikin da ba a gani

Kafin a fahimci abin da ya biyo baya, sai an san yadda ake yini a gidan adana jiragen tarihi, domin mai ziyara ba ya ganin ko kashi ɗaya cikin goma na aikin. Shi dai ya shigo ya ga jirgi yana walƙiya ya ɗauki hoto. Ma'aikacin wurin kuwa tun da safe yake zagayawa yana duba na'urar auna danshi da zafi. Yana leƙa farantan da aka ajiye ƙarƙashin injina, don tsohon inji ba ya daina ɗigar mai, kuma in ɗigar ta canja akwai dalili. Yana duba ƙafafun ƙarfen da aka tallafe jirgin da su don kada nauyinsa ya zauna a kan tayoyin roba da suka haura shekara 70. Yana haska tocila cikin fiffike yana neman wani farin gari mai kama da toka, alamar alminiyom ya fara ruɓewa, musamman inda ya haɗu da baƙin ƙarfe. Ƙura ma abokiyar gaba ce, tana riƙe danshi, kuma in aka share ta da garaje sai ta kankare fenti. Tsuntsaye suna neman wurin sheƙa. Agogunan ɗakin matuƙi na wancan zamani da yawansu an shafa musu sinadarin radiyom don su yi haske da dare, kuma har yau suna fitar da tururin da ke cutar da jiki, shi ya sa ake auna su da na'ura kafin a bar kowa ya taɓa. Ina tuna wannan duk lokacin da na tuna waɗanda suka ciro agogunan jirgin Copping suka kai gidajensu.

Duk abin da aka yi kuma sai an rubuta. Wane ne ya taɓa, me ya cire, me ya shafa, da hoto kafin da bayan. In za a nemi asalin launin jirgi, ba a zuba masa maganin cire fenti a wanke. Ana zaɓar wuri kaɗan, a riƙa gogewa da takardar yashi mai laushi, shimfiɗa bayan shimfiɗa, har a ga abin da ke ƙasa: lambar da aka sauya, harafin wata runduna, facin da makanike ya yi a kan ramin harsashi.

A wannan sana'a hanya uku ce a gaban duk wanda aka kawo wa tsohon jirgi. Ko a gyara shi ya koma tashi sama, wanda yake nufin sauya kusan duk abin da ya gaji, har wani lokaci abin da ya rage na asali bai wuce farantin lamba ba. Ko a gyara shi don kallo, ya koma kamar ranar da ya fito daga masana'anta. Ko kuma a tsayar da lalacewarsa kawai, a bar shi da tabonsa. Zaɓin ya dogara ga tambaya ɗaya: mene ne wannan jirgi yake da shi wanda wani ba shi da shi? Kittyhawk masu sheƙi suna da yawa a duniya, wasu ma har yanzu suna tashi. Gidan tarihin sojojin saman Birtaniya da ke Hendon a Landan shi kansa yana da guda. Abin da ET574 ya fi su da shi shi ne ba wanda ya taɓa shi tun ranar da matuƙinsa ya juya masa baya. Fentin 1942 ne a jikinsa, lanƙwasar farfelarsa tana nuna yadda ya sauka, rediyon da ke ƙasa yana ba da labarin kwanakin ƙarshe na wani saurayi.

Gidan tarihin na Hendon ya san wannan, kuma yana da misali a ɗakinsa. Akwai wani babban jirgin Halifax mai lamba W1048 da ya sauka a kan daskararren tafkin Hoklingen a Norwe a Afrilun 1942, bayan harin da aka kai wa jirgin ruwan Jamus Tirpitz, ya nutse, aka ciro shi a 1973. Yana nan kwance a Hendon kusan yadda ya fito daga ruwa. A Yunin 2013 kuma suka ciro wani jirgin Jamus, Dornier 17, daga ƙarƙashin teku a gaɓar Kent, suka kai shi reshensu na Cosford, suka sa shi cikin rumfunan leda suna yi masa feshin ruwa mai sinadarin tsami irin na lemun tsami wata da watanni, don kawai a fitar da gishiri a tsayar da ruɓewa. Irin wannan niyya suka yi wa jirgin Copping: a kawo shi Landan a nuna shi yadda aka tsince shi.

Cinikin da aka ƙulla

Ɗauko jirgi daga tsakiyar hamada yana cin kuɗi, lokaci kuma yana ƙurewa saboda masu ɗibar kaya. Sai gidan tarihin ya yi musaya. Ya ɗauko wani jirgin yaƙi ƙirar Ingila mai suna Spitfire daga rumbun ajiyarsa, samfuri na 22 mai lamba PK664, wanda bai yi yaƙin ba don a ƙarshensa aka ƙera shi, ya ba wani kamfanin gyaran tsoffin jirage mai suna Kennet Aviation a matsayin ladan aiki. Jaridun Ingila sun kimanta shi a kan kusan fam 200,000. Kamfanin ya cika alƙawari: a cikin zafin bazarar 2012 aka kwance jirgin, aka loda shi a kwantena, aka kai shi harabar gidan tarihin yaƙi na El Alamein a gaɓar Bahar Rum, yamma da Askandariya. A nan aikin kamfanin ya ƙare, Spitfire ya zama nasa.

Saura a fitar da kwantenar daga Masar, kuma a nan ne gizo ya yi saƙar. Ƙasar tana cikin juyi. Mubarak ya sauka a Fabrairun 2011, Mursi ya hau a ƙarshen Yunin 2012, soja suka sauke shi ranar 3 ga Yuli, 2013. Jami'in da aka yi magana da shi yau, gobe ba shi ne a kujerar ba, kuma ba wanda yake da lokacin tsohon jirgi. Kwantena ta yi ta zama. A 2015 labarin musayar ya fito a jaridu, aka yi ta sukar gidan tarihin cewa ya yi ba tsuntsu ba tarko. Daga baya hukumomin Masar suka bayyana cewa jirgin zai zauna a El Alamein.

A ƙarshen 2017, shekarar da aka cika 75 da gwabzawar El Alamein, sababbin hotuna suka fito. An haɗa jirgin an kafa shi a farfajiyar gidan tarihin. An rufe raunukansa, an cike gurbin abin da ya ɓace, an shafe shi da sabon fenti mai kauri ruwan ƙasa da rawaya, an zana masa bakin kifin shak da jajayen dasashi da fararen haƙora a hanci. Masana a Ingila suka ce ya koma kamar jirgin wasan yara da aka haɗa ba daidai ba. Bakin shak ɗin nan ma ba na Runduna ta 260 ba ne. Alamar Runduna ta 112 ce, wadda ta fara zana shi a kan P-40 a hamadar a 1941, kafin matuƙan Amurka da ke yaƙi a Sin su kwaikwaya ya shahara. Jirgin Copping bai zo da shi daga hamada ba. Garin neman gira aka rasa ido.

A ganina laifin nan ya rabu, kuma ba adalci ba ne a jibga shi a wuri ɗaya.

Gidan tarihin Birtaniya ya yi daidai da ya gaggauta. Da an bar jirgin wata shida a inda yake, da sai dai a tarar da ƙashinsa. Inda aka yi sakaci shi ne biyan lada a kan rabin hanya. An ɗaure yarjejeniyar da kai jirgin El Alamein, alhali abin da ake so shi ne Landan, kuma tsakanin biyun akwai izinin wata gwamnati wanda bai shigo hannu ba. Ko a kasuwar Wudil ba a sakin kuɗin bijimi sai an ga igiya a hannu.

Game da Masar kuwa, ba na cikin masu cewa ba ta da haƙƙin riƙe jirgin. A ƙasarta ya faɗi, a ƙasarta ya kwana shekara 70. Yaƙin da ya kawo shi na Turawa ne da suka zo suka gwabza a gonar wani, suka tafi suka bar miliyoyin nakiyoyi a binne a yankin El Alamein, waɗanda har yau suke raba makiyaya da ƙafafunsu. Mu da muke neman a dawo mana da tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, ba mu ne za mu ce duk abin tarihi sai ya je Landan zai sami daraja ba. Jirgin da ya faɗi a yaƙin hamada, a nuna shi a filin yaƙin hamada, wannan magana ce mai ƙarfi. Na kuma yarda waɗanda suka yi masa fenti ba da mugun nufi suka yi ba. Abin da suka sani suka yi, kuma mu ma haka muka saba: in baƙi za su zo, a share, a shafa farar ƙasa, kada a ga tsufa. Sau nawa aka lulluɓe tsohon ginin ƙasa da siminti a garuruwanmu da sunan gyara, zanen magina na da ya tafi ke nan har abada?

Amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da abin da aka shafe. Tun 1964 masu kula da kayan tarihi suka rubuta a yarjejeniyar da suka ƙulla a birnin Banis na Italiya cewa gyara ya tsaya a inda hasashe ya fara. A kan gine-gine aka yi maganar, amma ta hau kan jirgi daidai. Akwai wata ƙa'idar da kowane ma'aikacin adana kaya yake koya a shekararsa ta farko: kada ka yi abin da na bayanka ba zai iya warwarewa ba. Fentin 1942 da aka danne, lanƙwasar da aka miƙe, ramin da aka toshe, ba a dawo da su yadda suke. Ga shi kuma an fito da ƙarfen da ya saba da busasshiyar iska an kafa shi kusa da teku, inda iska ke ɗauke da gishiri. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hanyar da ta fi dacewa ita ce mafi araha. Ɗaki mai rufi, tsakuwa a ƙasa, jirgin a kwance yadda aka same shi, rediyo da batir a gefensa, da allo ɗaya mai bayani da Larabci da Turanci. Da ɓangarorin biyu sun ajiye gardamar wa zai mallaka, suka fara zama a kan yadda za a kula da shi, da ma'aikata biyu ko uku daga Cosford sun isa su yi aikin tare da takwarorinsu na Masar, jirgin kuma ya zauna a El Alamein ɗin.

An taɓa ganin irin wannan a hamadar Libiya. Wani jirgin Amurka, B-24 mai laƙabin Lady Be Good, ya ɓace a Afrilun 1943 yana dawowa daga kai hari birnin Naples na Italiya, masu binciken mai suka hango shi a 1958, shi ma kamar jiya ya faɗi. Masu ɗibar abin tunawa suka yi ta yagarsa shekara da shekaru, har aka kwashe ragowar zuwa Tobruk a 1994. Bambancin shi ne a can an bi sawun mutanen. A 1960 aka gano gawar takwas daga cikin tara, aka kai su gida.

Copping bai sami wannan ba. A 2012 wasu masu bincike 'yan Italiya sun ba da rahoton ganin ƙasusuwan mutum da guntun laima kimanin kilomita 8 daga inda jirgin yake. Danginsa sun nemi a yi gwajin ƙwayar halitta, aka yi ta kai-komo tsakanin hukumomi, kuma ba a tabbatar da cewa nasa ba ne. Ba shi da kabari. Sunansa yana sassaƙe a bangon tunawa na maƙabartar sojojin Kwamanwel da ke El Alamein, cikin sunaye kusan 12,000 na waɗanda ba a san inda suka kwanta ba, kuma daga bangon zuwa farfajiyar da jirginsa yake tsaye babu nisa.